Daga Kano zuwa Jidda: yadda za ka lissafa nisan tafiyar jirgi da ainihin lokacin da za ta ci

Shekarar da gwaggona ta dawo daga Umra, mota biyu muka cika zuwa filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, har da yara da kular abinci. Wani ƙanena ne ya yi mana lissafi. Ya ce jirginsu zai baro Jidda ƙarfe tara na safe, tafiyar kuma awa huɗu da rabi ce, don haka ɗaya da rabi na rana za su sauka. Muka iso ɗaya saura kwata muna ganin mun yi sammako. Sai ga Gwaggo zaune a kan jakarta a bakin ƙofar fitowa, jarkar zamzam a gefe, ta rufe fuska da mayafi saboda rana. Ta fi rabin awa a wurin, wayarta kuma layin Saudiyya ne a ciki.

"Gwaggo, ki yi haƙuri, wallahi mun ɗauka ba ku iso ba."

"Ai tun sha ɗaya da rabi muka sauka, ɗan nan. Na ce ko lafiya."

Ƙanen nawa bai yi kuskure a tsawon tafiyar ba. Abin da ya manta shi ne tara na safen Jidda bakwai ne na safen Kano. Tun daga ranar na ɗora wa kaina koyon wannan lissafi, kuma yanzu duk wanda zai yi tafiya a danginmu sai ya turo mini hoton tikitinsa. Ga yadda nake bi, da misalin Kano zuwa Jidda, tunda ita ce hanyar da mutanenmu suka fi sani. Dabarar ɗaya ce ko Yamai za ka je, ko Alƙahira, ko Landan.

Mataki na ɗaya: tantance filayen biyu

Jirgi ba daga gari yake tashi ba, daga fili yake tashi. Kowane filin jirgi yana da lambarsa ta haruffa uku, ita ake bugawa a tikiti da takardar da ake liƙa wa jaka. Kano KAN ce, Abuja ABV, Legas LOS, Sakkwato SKO, Maiduguri MIU, Yamai NIM. Filin Sarki Abdul'aziz na Jidda JED ne, na Yarima Muhammad bin Abdul'aziz da ke Madina kuma MED. Ka rubuta lambobin filayen nan biyu kafin komai, domin akwai biranen da ke da fili fiye da ɗaya. Istanbul tana da IST a ɓangaren Turai da SAW a ɓangaren Asiya, kuma tsakaninsu tafiya ce mai nisa a mota. Makka ba ta da filin jirgin fasinja, shi ya sa mai zuwa can yake sauka a Jidda ko Madina.

Mataki na biyu: samo nisan miƙaƙƙen layi

Hanya mafi sauƙi ita ce ka shiga shafin Great Circle Mapper ka rubuta KAN-JED, zai ba ka nisan nan take tare da taswira. Google Maps ma yana da wurin auna tazara tsakanin wurare biyu. Amsar da za ka samu ita ce kimanin kilomita 3,420. Zuwa Madina kuwa kusan 3,560.

Ka lura da ma'aunin da aka yi amfani da shi, don nan mutane ke ruɗewa. Akwai kilomita, akwai mil na ƙasa wanda ya yi daidai da kilomita 1.609, akwai kuma mil na teku, kilomita 1.852, wanda shi matuƙa jirgi ke aiki da shi. Nisan Kano zuwa Jidda ɗin nan, a mil na ƙasa ya kai 2,125, a mil na teku kuma bai wuce 1,850 ba. Idan shafi biyu suka ba ka lambobi mabambanta, duba ma'aunin tukuna kafin ka ce wani ya yi ƙarya.

Ina son mutum ya san daga ina lambar ta fito, saboda wanda ya taɓa yin lissafin da hannunsa ba a cika ruɗa shi ba. Kewayen duniya kusan kilomita 40,000 ne, an raba shi digiri 360, kowane digiri ya tashi a kilomita 111. Kowane wuri a doron ƙasa yana da lamba biyu: nisansa arewa ko kudu daga layin da ya raba duniya biyu, da nisansa gabas ko yamma daga layin da ya ratsa ta Greenwich a Ingila. Filin Kano yana kan digiri 12.05 arewa da 8.52 gabas. Na Jidda yana kan 21.68 arewa da 39.16 gabas.

Ka cire ƙarami daga babba. Ta arewa, bambancin digiri 9.63 ne, ka ninka da 111, ka sami kilomita 1,069. Ta gabas, bambancin 30.64 ne, ninki 111 ya ba da 3,401. Amma a nan akwai gyara. Layukan gabas da yamma kamar ɓawon lemo suke idan an yanka shi tsaye: sun fi faɗi a tsakiya, suna matsewa idan aka nufi sama. Saboda haka sai ka ɗauki tsakiyar 12.05 da 21.68, wato 16.9, ka danna maɓallin cos a kalkuletar wayarka, ya ba ka 0.957. Ka ninka 3,401 da shi, ka sami 3,255. Daga nan sai ka ninka 1,069 da kansa, ka ninka 3,255 da kansa, ka haɗa su, ka nemi tushen jimillar da maɓallin √, kamar yadda aka koya mana a sakandare. Za ka tashi da kilomita 3,426. Tsakaninsa da na kwamfuta bai kai nisan Sabon Gari zuwa Bompai da dawowa ba.

Wannan gajeriyar dabara tana aiki a tafiyar da ba ta yi nisa ƙwarai arewa ba. Idan Legas zuwa New York ne, ko Landan zuwa Tokyo, bar wa kwamfuta, domin gantsarewar duniya takan yi yawa har lissafin ya kauce. Shi ya sa a allon cikin jirgi kake ganin hanyar ta lanƙwasa kamar baka. Ba zagaye matuƙin yake yi ba. Ka sami ƙwallo ka ja zare tsakanin wuri biyu a kanta, zaren shi ne mafi kusa, taswirar da aka shimfiɗa a kwance ce ke nuna shi a karkace.

Mataki na uku: ƙara abin da hanya ke ƙarawa

Kilomita 3,420 ɗin nan mafi ƙarancin nisa ne, kuma da wuya jirgi ya bi shi daidai. Sama tana da tituna kamar ƙasa, masu kula da zirga-zirgar jirage ne ke ba kowa layinsa, tashi da sauka kuma sai an juya an fuskanci iska. A ranar da komai ke lafiya, nakan ƙara kashi biyar zuwa goma cikin ɗari. Kano zuwa Jidda ta zama kilomita 3,600 ko sama da haka kaɗan.

Miƙaƙƙen layin daga Kano yana bi ta arewa maso gabashin Najeriya, ya gifta ta yankin Diffa a Nijar, ya wuce saman Chadi, ya ratsa arewacin Sudan, sannan ya tsallaka Bahar Maliya. Kusan ita ce hanyar da kakanninmu suka bi da ƙafa da jakuna da raƙuma, wasu su yi shekaru kafin su ga Ka'aba, wasu su zauna a Sudan har yau zuriyarsu na can. Duk lokacin da na kalli taswirar nan a jirgi sai na tuna da su.

To ita wannan hanya ba kullum take buɗe ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, an rufe sararin samaniyar ƙasar, jiragen alhazan Najeriya na shekarar suka koma yin dogon zagaye, har kamfanonin jigilar suka nemi ƙarin kuɗi a wurin hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON. A watan Agustan shekarar kuma, bayan juyin mulkin da aka yi a Yamai, Nijar ta rufe nata sararin na wasu makonni, jiragen da ke tsakanin Turai da Najeriya suka sha zagaye. Shafin lissafin nisa bai san da wannan ba, zai ci gaba da nuna maka 3,420 kamar ba abin da ya faru. Ƙa'idar da za ka riƙe ita ce duk ƙarin kilomita 850 ƙarin awa guda ne a sama.

Maganin wannan shi ne ka ɗauki lambar jirgin da ke tikitinka, haruffa biyu da 'yan lambobi, ka saka ta a Flightradar24 ko FlightAware. Za ka ga hanyar da jirgin ya bi jiya da shekaranjiya, da mintin da ya ci kowace rana. A ganina wannan ya fi kowane lissafi, kuma kyauta ne. Lissafin hannu amfaninsa shi ne ka gane ko abin da ejan ya gaya maka yana kama hankali.

Mataki na huɗu: mayar da nisa zuwa lokaci

Jiragen fasinja na zamani, idan sun kai ƙololuwar tafiyarsu wajen kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa, gudunsu ba ya da wani bambanci mai yawa. Matsakaita irin su Boeing 737 da Airbus A320 suna yin kusan kilomita 830 a awa. Manya irin su Airbus A330 da Boeing 777 da 747 suna tsakanin 870 da 910. Masu farfela irin ATR 72 kuwa wajen 500 suke yi. Ni 850 nake amfani da shi, sai in ƙara minti talatin na hawa da saukowa, lokacin da jirgi ba ya kan cikakken gudunsa.

Mu gwada. Kilomita 3,420 raba 850 ya ba da 4.02, awa huɗu ke nan, ƙara rabin awa, huɗu da rabi. Idan ka yi da 3,600 za ka sami 4.24, kuma a nan ka yi hattara: 4.24 ba awa huɗu da minti ashirin da huɗu ba ne. Ka ninka 0.24 da sittin, ka sami minti goma sha huɗu. Da ƙarin rabin awar, tafiyar ta kama awa huɗu da minti arba'in da huɗu. Saboda haka Kano zuwa Jidda kai tsaye, idan hanya a buɗe take, tsakanin huɗu da rabi ne zuwa biyar saura kwata.

A gajeriyar tafiya rabin awar nan ita ce rabin tafiyar. Kano zuwa Abuja kilomita 365 ne, minti ashirin da shida a lissafin gudu, amma ba ka sauka sai an doshi awa guda. Kano zuwa Legas kilomita 830, awa ɗaya da rabi.

Sai iska, wadda ita ce dalilin da ya sa zuwa da dawowa ba sa zama daidai. Jirgi a cikin iska yake iyo kamar kwalekwale a kogi. Idan tana tura shi ta baya da gudun kilomita 80 a awa, gudunsa a kan ƙasa ya zama 930, ya cinye 3,420 a awa uku da minti arba'in da ɗaya. Idan ta gaba take bugunsa, gudun ya sauko 770, tafiyar ta koma awa huɗu da minti ashirin da bakwai. Jirgi ɗaya, hanya ɗaya, bambancin minti arba'in da shida. A arewacin duniya iskar sama daga yamma take kaɗawa zuwa gabas, shi ya sa daga Amurka zuwa Ingila ya fi sauri a kan komawa. A watan Fabrairun 2020 wani jirgin British Airways ya yi New York zuwa Landan cikin awa huɗu da minti hamsin da shida saboda guguwar da ta turo shi. A yankinmu abin yana juyawa da lokacin shekara: da hunturu iskar yamma takan taimaki mai tafiya gabas, da damina kuma wata iska mai ƙarfi daga gabas takan ratso saman Sahel, sai mai dawowa gida ya ci moriyarta.

Mataki na biyar: karanta tikiti da agogo ɗaya

Wannan ne inda muka bar Gwaggo a rana. Duk lokacin da aka rubuta a tikiti na garin da abin zai faru ne. Lokacin tashi, agogon garin da za a tashi. Lokacin sauka, agogon garin da za a sauka. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru da awa biyu, tana gaban Ghana da awa uku, tana gaban Sudan da awa ɗaya. Habasha da Turkiyya da Katar agogonsu ɗaya da Saudiyya. Masar ce mai sauyi: tun 2023 ta koma tura agogonta gaba da awa guda daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba, don haka a waɗannan watanni tana gabanmu da awa biyu, sauran shekara da awa ɗaya. Ingila ma haka take, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu ɗaya da ita, sauran shekara muna gabanta da awa guda.

A ce tikitinka ya nuna tashi daga Kano 14:00, sauka a Jidda 20:30. Ido zai ce awa shida da rabi. Mayar da 20:30 zuwa agogon Kano, ka cire biyu, ya zama 18:30, tafiyar awa huɗu da rabi ce. A dawowa, tashi 09:00, sauka 11:45. Ido zai ce ko awa uku ba ta kai ba, alhali taran nan bakwai ce a Kano, tafiyar awa huɗu da minti arba'in da biyar. Abin da nake yi shi ne in ɗauki biro in rubuta agogon gida a gefen kowane lokaci da ke takardar, kafin in yi kowane irin lissafi.

Akwai tarko biyu a nan da suka fi bambancin agogo cin mutane. Na farko alamar +1 a gefen lokacin sauka, ma'anarta washegari za a sauka. Na biyu jirgin tsakar dare. Idan an rubuta Talata 00:40, to ranar Litinin da dare ne za ka je filin jirgi, domin Talata tana shiga ne da sha biyun dare. Mu da muka saba cewa "daren Talata" muna nufin wani abu dabam, sau da yawa muna faɗawa cikin wannan. Na san wani maƙwabcinmu ɗan kasuwa da ya iso da kayansa ranar Talata da dare, aka ce masa jirginsa ya tashi tun awa ashirin da suka wuce, sai da ya sayi sabon tikiti. Idan tsoho ko tsohuwa kake yi wa shiri, kada ka ce musu kwanan wata kawai. Ka ce, "Baba, ranar Litinin bayan sallar isha'i za mu fita gida."

Ka kuma sani lokacin da ke tikiti ba na barin ƙasa ba ne. Ana ƙirga shi daga sa'ar da jirgi ya motsa daga inda yake fake zuwa sa'ar da ya tsaya a inda zai sauke mutane. Tafiyar da yake yi a hankali zuwa titin tashi, da jiran layi, duk suna ciki, kamfanoni kuma sukan ɗan ƙara wasu mintuna don kada a ce sun makara. Shi ya sa matuƙi zai sanar da awa huɗu da minti goma, tikiti kuma ya ce huɗu da arba'in, kuma dukansu gaskiya suka faɗa.

Mataki na shida: idan za a yada zango

Tikitin da ya fi araha sau da yawa shi ne mai bi ta wata ƙasa. A nan sai ka lissafa kowane zango shi kaɗai. Ta Addis Ababa, Kano zuwa can kusan kilomita 3,325 ne, daga can zuwa Jidda 1,410, jimilla ta haura 4,700. Ta Alƙahira, 3,100 da 1,220, wato wajen 4,300. Kowane zango yana da nasa rabin awar na hawa da sauka. Ta Addis ke nan awa huɗu da rabi a zangon farko, biyu da 'yan mintuna a na biyu, kusan awa shida da rabi a sama, ban da zaman jira.

Zaman jiran shi ne abin dubawa. Sauƙinsa ɗaya: saukarka da tashinka duk a gari ɗaya ne, agogo ɗaya, cirewa kawai za ka yi. Ƙasa da awa biyu ba na ba mai rauni ko wanda bai saba tafiya ba shawarar ya karɓa, musamman da hunturu, lokacin da hazo kan hana jirage tashi ko sauka a Kano, ko da damina idan hadari ya haɗu. Idan na farko ya makara da awa guda, na biyu ba zai jira ka ba. Ka kuma tambayi ejan tambaya ɗaya: tikiti ɗaya ne ko biyu aka haɗa? Idan ɗaya ne, jakarka za ta wuce kai tsaye, kuma idan ka rasa jirgi na biyu saboda makarar na farko kamfanin ne zai nema maka wani. Idan biyu ne dabam-dabam, kai za ka karɓi jakarka ka sake awo, wani wurin ma sai da biza, asarar kuma taka ce. Na ga mutane sun rage kuɗi kaɗan a wurin saye sun biya ninkinsa a hanya.

Mataki na bakwai: daga ƙofar gida zuwa ƙofar masauki

Wannan shi ne lokacin da jikinka zai ji. Idan jirgin zuwa ƙasar waje ne, ana so ka isa fili awa uku kafin tashi, wurin awon kaya kuma yakan rufe kimanin awa guda kafin lokaci. Mutumin da ke Katsina ko Dutse ko Zariya sai ya ƙara tafiyar mota, da ɗan rara saboda hanya. A Jidda, ka ware awa ɗaya zuwa biyu na jami'an shige da fice da ɗaukar kaya, lokacin Hajji ko ƙarshen Ramadan kuwa fiye da haka nesa ba kusa ba. Daga filin zuwa Makka kusan kilomita ɗari ne, awa ɗaya da rabi a mota idan babu cunkoso, akwai kuma jirgin ƙasa na Haramain da ya fara aiki a 2018, yana da tasha a filin jirgin. Ka haɗa: awa ɗaya daga gida, uku a fili, huɗu da rabi a sama, ɗaya da rabi a Jidda, ɗaya da rabi zuwa Makka. Awa goma sha ɗaya da rabi. Tafiyar da aka ce maka "awa huɗu ce kawai" ke nan. Mai ciwon suga ko hawan jini da wannan lambar zai tsara maganinsa da abincinsa, kuma maganin a jakar hannu zai zauna.

Lissafin yana taɓa ibada ma. Mai sauka a Jidda da niyyar wucewa Makka kai tsaye zai gifta miƙati yana sama. A jiragen da ke ɗaukar maniyyata akan yi sanarwa idan an kusa, amma jirgin da ke cin kilomita goma sha huɗu a minti ɗaya ba ya ba ka damar shiga layin ban ɗaki ka canza kaya. Gara ka ɗaura haraminka tun daga Kano ko a zangon ƙarshe, niyya kawai ta rage. Mai sauka a Madina ba ya da wannan damuwa, sai ranar da zai fita zuwa Makka. Salla kuma, mai tafiya gabas rana takan yi masa saurin faɗuwa. Wanda ya tashi ƙarfe biyu na rana a Kano, la'asar da magariba duk a sama za su same shi, a cikin awa huɗu da rabi. Mai azumi ya dubi faɗuwar rana ta taga, kada ya bi agogon hannunsa, kuma ya tambayi malaminsa hukuncin haɗa salla da na azumin matafiyi tun kafin ranar tafiya.

Ga mai ɗauko baƙo, lissafin ya fi sauƙi. Ka duba lokacin sauka a tikiti, wanda dama agogon garinku ne, kada ka ƙara masa komai kada ka rage. Da safiyar ranar ka buɗe lambar jirgin a waya ka ga ko ya tashi a kan lokaci. Daga saukarsa zuwa fitowar mutum da kayansa ka ba da minti arba'in da biyar zuwa awa guda, amma ka riga shi isa.

Kafin kowa ya tafi a gidanmu yanzu, nakan tura saƙo ɗaya a WhatsApp na dangi, in kuma rubuta shi a takarda in saka a cikin fasfon matafiyin. Na ƙarshe da na rubuta na yayata ne, ga abin da ya ƙunsa: lambar jirgi, fita daga gida Alhamis goma na safe, tashi daga Kano biyu na rana, sauka a Jidda takwas da rabi na dare agogon can, shida da rabi agogon gida, kada kowa ya damu idan bai ji ta ba kafin tara na dare agogonmu. A ƙasa na sa ranar dawowa da lokacin sauka a Kano, da sunan wanda zai je ɗauko ta, da lambar wayarsa da manyan baƙi, don ko layinta bai yi aiki ba ta iya miƙa wa wani takardar ya kira mata.